Abin da ya hana mu cin kifi

Jama'a, yau na ga hawayen Baba!

Ina shirin jarrabawar magana da Turanci, Yaya Sadiya tana jefo mini tambayoyi. Ta ce wane abinci ne ba na ci, kuma me ya sa?

Na ce kifi. Dalili fa? Na rasa! Ni dai na taso ba a kawo shi gidanmu.

Na juya wajen Baba na ce, "Baba, wai mi ya sa ba mu cin kifi?"

Sai hawaye suka zubo masa. Can ya ce, "Kifin garin nan Mafara daga dam ɗin Bakolori yake. Da aka tashe mu don gina shi, ruwa ya cinye ƙauyenmu har da maƙabarta. Innata tana ƙarƙashin ruwan nan."

Wayyo Allah! In an tambaye ni a jarrabawa, zan ce ƙayarsa nake tsoro.