Direban da Ke Gaida Motocin Allo

Malamar horon ba ta san shi ba. Shi ne dai na tara a jerin direbobin tirela da kamfani ya turo gwaji a na'urar koyon tuƙi, kuma duk wanda ya faɗi sai ya ajiye makulli. Dattijo ne gajere mai furfura a gemu, hannunsa na wajen taga ya fi ɗayan duhu.

Na'urar kujera ce kawai da sitiyari da allo uku a ɗaki mai sanyi, amma da bismillah yake hawa, yana gyara zama kamar da kaya tan talatin a bayansa. Duk tirelar da ta taho a allon sai ya ɗaga mata hannu, na'urar kuma tana zaftare masa maki don ya saki sitiyari.

Ita dai kallonsa take. Wa yake gani a ciki? Abokan hanya da suka tsufa a gida, ko waɗanda ba su kai gida ba?

"Baba, ba kowa a motar nan fa, hoto ne. Makinka na tafiya."

"Na sani, 'yata," in ji shi, idonsa na kan titi. "Shekara talatin ban taɓa buge kowa ba, don kowace mota ina ɗauka ɗan wani ne a ciki. Kada ki koya wa hannuna mantuwa."

Wata tirelar ta ɓullo daga kwana. Ya ɗaga hannu. Malamar ta tsinci nata hannun a sama, har da biro.