Shubrati Mai Gadin Gimbiya

A garinmu, wanda ke tafiyar awa guda a mota daga Lakno, in ka ce "marowaci" ko yara ba sa tambayar wa kake nufi. Shubrati Miyan ne, mai kula da lambun Nawab. To amma a yi masa adalci. Mutumin nan zai tuɓe rigarsa ya ba ka, zai raba gurasarsa biyu ya miƙo maka babban ɓarin. Abu ɗaya ne ba ya bayarwa, shi ne reshen Gimbiya.

Gimbiya bishiyar mangwaro ce. Tana tsakiyar lambun, bayan tafkin marmaran da ya daina riƙe ruwa tun kafin a haife ni, kuma a iya saninmu ba ta da ta biyu. 'Ya'yanta ƙanana ne, ba su da wani kyan gani, amma in ka murza ɗaya a tafin hannu har ya yi laushi, ka ciji bakin ka tsotsa, wallahi sai ka manta a gaban wa kake zaune. Kakan kakan Shubrati ne ya rene ta don nawab ɗin zamanin, mai sarautar wannan yanki. Shi kuwa nawab ya sa shi ya dafa Alƙur'ani a kan ko tsinkenta ba zai ƙetare katanga ba. In za a aika wa wani babba da kwando, sai an soka wa kowane mangwaro basilla har ta ratsa ƙwallon, wai kada a shuka. Kowa ya san ƙwallo ba ya fitar da irin uwarsa, amma wa zai gaya wa nawab haka? Rantsuwar ta bi jini, uba na ɗora wa ɗa, har ta iso kan Shubrati yana ɗan shekara goma sha tara, ranar da ubansa ya miƙa masa wuƙar auren itatuwa, wato haɗa reshe da dashe.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan. A cikinsu sarauta ta tafi, rabin gidan ya zama kango, ba wanda ya rage sai Begam Sahiba, matar jikan nawab na ƙarshe, ita da tsuntsunta aku a ɗakuna biyu. Shubrati dai bai sauya komai ba. Da ya sallame Asuba ya kurɓi shayinsa, sai ya share hanyoyin jan bulo, ya aske shingen lalle ya miƙe sambal, ya tsinko furen wardi ya kai wa Begam a faranti kamar har yanzu ana zaman fada. Malaman gona sun sha zuwa daga birni da takardunsu suna roƙon reshe ɗaya. Yakan shimfiɗa musu tabarma, ya cika su da shayi mai madara, in sun tashi tafiya ya tsaya a ƙofa ya zazzage jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri.

Babban abokin faɗansa shi ne Cedi Lal, mai sayar da dashe, wanda filinsa ke jikin katangar lambun. Sa'annin juna ne, tare suka sha dukan malami ɗaya. Kullum bayan La'asar sukan haɗu a inda katangar ta rushe, kowa a ɓangarensa, butar shayi a tsakiya.

"Miyan, reshe ɗaya kawai. Kamar ɗan yatsana," in ji Cedi Lal.

"Yatsan naka zan yanke in ba ka."

"Kai dai ranar da ka mutu sai an binne ka da ita."

"In ka riga ni, zan zo in ga ko da itacenta za a ƙona gawarka yadda ake yi a addininku, ɓarawon banza. Zuba mini shayi."

Haka suka yi shekara arba'in, ba wanda ya gaji.

To, shekaru huɗu da suka wuce, da bazara, Shubrati ya ga wani jan gari na zubowa daga gindin Gimbiya. Tsutsa ce ta shige ta. Ya zura waya, ya ɗura kananzir, ya toshe ramukan da laka, duk a banza. Rassan sama suka fara bushewa. Ya ƙwanƙwasa gindin da ƙotar lauje, ya ji ya amsa kamar ganga. Ranar ko abincin rana bai ci ba, don ya san abin da ya ji. In ba a yi mata aure a wannan daminar ba, ta tafi da irinta.

Auren nan yadda kakanninmu suke yinsa aiki ne na haƙuri. Ana kafa rumfar gora har ta kai rassa, a hau da ƙananan dashe a tukwanensu. A fere ɓawon dashe tsawon ɗan yatsa, a fere na reshen uwa daidai wa daida, a manna su, a ɗaure da zaren rama, a shafe da laka. Sai a yi ta ba tukwanen ruwa a can sama har kwana arba'in ko fiye. In firar ba ta yi sumul ba, ba za su kama juna ba.

Da ruwan farko Shubrati ya ɗaura ashirin. Bayan sati uku ya kwance guda ya duba, sai baƙi. Ya kwance na biyu, baƙi. Duk ashirin ɗin, ko ɗaya bai kama ba. Ya sauko yana zagin zare, yana zagin tukwane, yana zagin hadarin bana.

Matarsa Nasiban tana murza gurasa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Baban Irshad, zaren nan bai yi maka laifi ba. Wata nawa ke nan rabin shayinka na ƙarewa a faranti?"

"Kofin ne ya yi zafi."

"To miƙo hannun naka mu gani."

Ya miƙa. Hannun na ta rawa kamar ganyen ayaba a iska. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɓoye shi a hammata. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don da wannan hannun ya aurar da itatuwa sun fi dubu. Ɗansu Irshad direba ne a Dubai, bai san dashe ba balle wuƙa. A duk yankin mutum ɗaya ne firarsa ke fita sumul, kuma dukansu sun san ko wane ne.

"Kada ma ki ambaci sunansa," in ji Shubrati. "Wannan ba zai hau rumfa ya sauko hannu wofi ba."

"Ni na ce wani abu? Damina dai ba ta jiran kowa."

Washegari ya kai wa Begam furenta, ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye har ya kai ga maganar. Yana fatan ta hana, ya samu inda zai rataya laifin. Tsohuwa ta gama naɗe ganyen pan ɗinta, wanda ake taunawa kamar goro, ta jefa a baki, ta ce, "Shubrati, waɗanda suka sa ku rantsuwar nan sun bar mini rufi mai yoyo da aku mai zagi. Ni mangwaro nake so in sha. Ka ba duk wanda ka ga dama."

Ya je wurin liman, ko shi zai hana. Liman ya ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi alherin ya ciyar da miskinai goma. Shubrati ya fito yana gunaguni, wai malaman yanzu sun cika sauƙi. Nasiban kuwa har ta jiƙa shinkafar miskinan.

Da La'asar ya je gurbin katanga. Bai zauna ba. Ya zaro wuƙar ubansa ya ajiye kusa da butar shayi. Cedi Lal ya dubi wuƙar, ya dubi hannun da ya ajiye ta. Bai yi tsokana ba ranar. Cewa kawai ya yi, "Dashe nawa kake da su a ƙasa?"

Kwana uku suna kan rumfa, tsofaffi biyu, ana yayyafi. Cedi Lal na firar ɓawo, Shubrati na riƙe tukunya yana ba da umarni.

"Ka yi zurfi! Kai da ake cewa gwani, ashe mahauci ne."

"Miyan, in ka iya karɓi wuƙarka."

"Yi aikinka, ni na ce ban iya ba? Hutawa nake."

Bayan kwana arba'in da biyar suka fara tsaga rassan kaɗan-kaɗan, sati-sati, har suka raba su da uwar. Cikin ashirin da huɗu, goma sha shida suka kama, ganyensu shar. Aka jera su a inuwa. Cedi Lal ya goge wuƙa ya miƙa, ya ce, "Ga 'ya'yanka nan. Ban ɗauki ko ganye ba, zazzage ni in kana so." Ya juya zai tafi.

Shubrati ya tsaya yana kallon tukwanen, sha shida a wuri ɗaya, cikin lambu ɗaya, ƙarƙashin tsutsa ɗaya, a hannun tsoho ɗaya mai rawar hannu. Nan tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Kai, ɓarawo! Dawo. Ina za ka ka bar ni da kaya?" Ya sunkuya ya ɗora tukunya guda a ka. "Takwas naka ne. Kada ka tara su wuri ɗaya, ka raba su ƙauye-ƙauye. Kuma duk wanda za ka ba, sai na ga fuskarsa tukuna."

Da ya iso ƙofar lambun ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Ya yi bisimilla, ya nemi gafarar ubansa a fili, hawaye na bin gemunsa, sannan ya taka waje. Cedi Lal na biye da shi yana share nasa idon da rawani, yana cewa, "Yi a hankali, tsoho, kada ka fasa mini tukunya."

Tun daga nan Shubrati ya sami sabuwar sana'a. Ya hau tsohon kekensa ya bi ƙauyuka yana duba 'ya'yan Gimbiya, yana yi wa masu su faɗa a kan ban ruwa da akuya. Har gudunsa suke yi, amma kowa ya tanadar masa shayi.

Bana Gimbiya ta ƙarasa bushewa. Ranar da masu zarto suka zo, mun taru muna zaton za a sha kallon kuka. Shubrati ya dafa gindinta, sannan ya jawo keke. Nasiban ta ce, "Baban Irshad, ba za ka tsaya a gama ba?"

"'Yar Gimbiya ta gidan malamin makaranta ta yi fure," in ji shi. "Yarinya ce, in aka bar mata shi zai karya ta. Wawan malamin nan ba zai iya tsinkewa ba, tausayi yake ji. Wannan kam hannuna zai iya."

Ya taka keke ya fita, bai waiwayo ba.