Abin da Ke Cikin Tankin Kir Anestis

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, kuma har yanzu in na ji ƙarfe ya faɗi ƙasa sai in ɗaga kai in dubi rufi. Mahaifiyata ta ce in bar maganar, maƙwabta ne, da su za mu ci gaba da zama. Ba zan bari ba.

Kir Anestis Kurmulis (Kir shi ne malam a harshenmu) yana zaune a hawa na biyar na benenmu a Keratsini, unguwar bakin teku, tun kafin a haife ni. Shekara ashirin da takwas ya yi a teku yana aikin rediyo a jiragen dakon kaya. Shi ke buga saƙon kyaftin, shi ke gaya wa matuƙi an haifa masa ɗa. Da tauraron ɗan'adam ya karɓe aikin, kamfani ya ba shi agogon hannu ya sallame shi. Bayan shekara biyu matarsa ta rasu. Daga nan ya zama mai gyaran kowa. Babu ƙofa a benen nan da bai shiga da sukudireba ba, kuma bai taɓa karɓar abin da ya wuce kofin gahawa ba. Ina so a riƙe wannan.

Bara ne tsohon abokin aikinsa Yerasimos, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a tsibirin Salamina, ya ba shi labarin masu haɗa kwamfutocinsu ta iska, rufi da rufi. Babu kamfani, babu kuɗin wata. Ka kafa eriyarka da hannunka, ka hango rufin wani, wani ya hango naka. Sharaɗin ɗaya ne: abin da ya iso gare ka, ka miƙa wa na gaba.

Yana da shekara sittin da bakwai ya ɗauki bututun ƙarfe mai tsawon mita huɗu ya hau da shi ta matakala. Ya ɗaura farantan eriya biyu, ɗaya yana kallon unguwar Nikeya, ɗaya yana kallon unguwar Perama. Na hau shanya ranar da yake saita na biyun. Wani likitan haƙori ne a can Perama yake haska masa madubi daga rufinsa, shi kuma yana juya farantin kaɗan-kaɗan, noti a bakinsa.

Ya tofar da notin a tafinsa ya ce, "Fotini, 'yata, idonki sabo ne. Kin ga walƙiya?"

"Ga ta can, gefen hasumiyar coci."

"Shekara biyar a jami'a, ashe dai sun koya miki wani abu."

Da yamma ya kira Yerasimos ta kwamfuta, maganar ta bi ta rufi huɗu ta haye ruwa. Daga ranar kullum da hantsi suna hira, suna zagin kyaftin-kyaftin da suka daɗe da mutuwa. Har a matakala ana jin dariyarsa.

Kuskurensa na matuƙi ne. Na'urar da ke haɗa farantan tana buƙatar mafaka daga rana da ruwa. A rufin akwai tsohon tankin ruwan zafi, irin mai aiki da hasken rana, na wasu da suka tashi tuntuni. Ya yanke gefensa ya sa na'urar a ciki. Kuma da yake mutumin teku ba ya iya ganin tsatsa ya wuce, sai ya kankare tankin ya shafa masa farin fenti har sau biyu.

To kowa a unguwarmu ya ji labarin eriyar kamfanin waya da ake ɓoyewa cikin tankin ƙarya ko bututun hayaƙi, mai rufi yana karɓar haya, maƙwabta suna shan abin da ke fitowa, wai mai sa cuta. Sai ga tanki fari fat, babu famfon ruwa ko ɗaya, wayoyi na fita ta gindinsa. Kiriya Marika, wato Malama Marika, ce ta gani, matar Kir Pandelis wakilin bene. Jikarta kuwa ta yi haɓo sau uku a watan.

Ranar Lahadi bayan coci aka yi taro a zauren shiga. Gida goma sha ɗaya.

Kir Pandelis ya ce, "Nawa suke ba ka, Anestis? Faɗi, mu ma mu taya ka murna."

"Su wa?"

"Ji mini tsohon nan! Su wa, wai."

"Pandelis, talabijin ɗinka sau nawa na buɗe? Ka taɓa ganin na ɓoye wani abu a ciki?"

Kiriya Marika ta ce, "In abin arziki ne, me ya sa ka lulluɓe shi? Mai sayar da zuma ba ya ɓoye tulu."

"Ruwan sama, baiwar Allah! Ruwan sama!"

"Jinin yarinyar nan ma ruwan sama ne?"

Sai mahaifiyata, don alfahari kawai, ta ce, "Ga Fotini, kimiyyar lantarki ta karanta. Ku tambaye ta."

Duk suka juyo. Na yi bayani, kuma na yi shi daidai. Na ce ƙarfin abin bai kai na wayar da ke aljihun Kir Pandelis ba, farantan kuma nesa suke kallo, ba ɗakin kowa ba. Na ga wasu suna gyaɗa kai.

Kir Pandelis ya matso. "To, malama. Za ki rantse a kan ran jikata cewa ɗari bisa ɗari ba ya cutarwa?"

Kalma ɗaya ake so. E. Amma shekara biyar ana dukan bakina kada in faɗi abin da ya wuce awo, ga kuma idanu a kaina. Na ce, "A kimiyya ba a cewa ɗari bisa ɗari, amma…"

Babu wanda ya ji abin da ya biyo bayan amma.

"Kun ji da kunnenku! 'Yar boko ma ta ƙi rantsewa!"

Ba a ma kaɗa ƙuri'a ba. Maza huɗu suka nufi matakala, ɗaya da filaya. Kir Anestis ya bi su yana haki, ni ina bayansa ina ihun su tsaya. Da muka isa sun riga sun datse wayoyin. Surukin Kir Pandelis yana girgiza bututun, tsohon ya rungume shi da hannu biyu.

"Ku buɗe tankin ku gani! Ku buɗe kawai!"

Suka buɗe. Tsohuwar kwamfuta ce da ƙaramar fanka, kowace waya an ɗaure ta tsaf da sunanta a jiki. Wani ya yi dariyar kunya. Na ɗauka an gama. Amma mutumin da ya hau hawa shida da fushi ba ya son sauka hannu banza. Surukin ya fizgi bututun, farantin Perama ya kuɓuce, ya daki bango, ya faɗa tsakar gida. Kir Anestis ya faɗi a kan hannunsa na dama. Ƙarar farantin da ta ƙashin kusan tare na ji su.

Mutanen nan, waɗanda ya gyara wa ƙararrawa da injin wanki, suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Kiriya Marika ta aiko masa da miyar kaza washegari. Miyar kaza! Ranar Laraba aka canja makullin rufi, aka manna takarda: gida tara sun sa hannu, babu eriya. Hannun mahaifiyata na ciki. Yarinyar kuwa likita ya ce bushewar hanci ce.

Jiya na tattara ƙarfin hali na ƙwanƙwasa ƙofarsa. Hannunsa a ɗaure, gemu ya fito masa. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannun hagu.

"Gaskiya kika faɗa. Zauna."

"Gaskiyar banza! Zan kai su ƙara, Kir Anestis. Zan rubuta wa masu haɗa rufi duka, su zo su gani."

"Likitan haƙori ya bugo. Kin san me ya ce? Da na faɗi, minti huɗu kawai aka yi, saƙo ya nemi hanya ta unguwar Koridalos ya wuce. Yerasimos bai ma yanke ba." Wallahi da alfahari ya faɗa. "Haka aka gina haɗin nan, 'yata."

"Ku fa?"

"Ni me?"

"Da wa za ku yi hira?"

Ya dubi kwamfutar da ke kashe a kan tebur. Ya ce akwai jirgin ruwan Salamina kowane rabin awa, in hannun ya warke. Sannan ya nuna mini farantin Nikeya, wanda ya tsira, a jingine bayan ƙofa.

"Akwai wata mai kantin magani a titin sama, rufinta nata ne ita kaɗai, tana nema. Ki kai mata gobe. Kada ki ja shi a ƙasa."

Da safen nan na sauko da shi. Kir Pandelis ne ya riƙe mini ƙofar waje, har yana cewa in yi a hankali.