Labulen Gwaggo Tumba da Allurar da Gulbi Ya Ci

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Tumba a Talata Mafara ya san ba a gaisawa sai an sha bincike. In ɗan'uwa ne namiji, ta leƙa hularsa. In mace ce, ta shafa ɗaurin kallabinta da hannu, sannan ta ce, "Babu allura jikinki ko? To lale, kin kwana lahiya?"

Ku da kuka san ta kun san dalili, amma saboda waɗanda suka taso bayanta bari in faɗa. Gwaggo yayar mahaifina ce, matar Baba Ɗan Ali mahauci. Allura guda gare ta, gadon uwarta, irin wadda fatake ke kawowa daga nesa. Ƙawarta Kulu ta ara za ta biki Bakura, ta soke ta a kallabi, wajen ƙetare gulbi kallabin ya bi ruwa. Kulu ta dawo tana ba da haƙuri tana dariya, kuma dariyar nan ce ta ja mata. Gwaggo ta tsaya tsakar gida ta rantse da Allah cewa allura ba ta ƙara shiga gidan nan, Kulu kuma ba ta ƙara ɗaga labulen ɗakinta, sai ranar da waccan allurar ta dawo.

Gulbi bai maido ba. Gidan mahauci kuwa ba ya zama ba labule, don ƙudajen garin nan duka can suke yini. Da tsohon labulen ya mutu, mahaifina ya ce ta kai saƙi kasuwa maɗinki ya haɗa mata.

Ta ce, "In kai wa wani shi yi mini da tashi allura abin da tawa ta saba yi? Don Kulu ta ji daɗi?"

Sai ta sayo fararen saƙi sirara, kowanne faɗin tafin hannu, ta je daji ta sassaro farar ƙaya, ta haɗa bakinsu tana sokewa kamar yadda mijinta ke jera tsire a tsinke. Daga nesa abin ya yi kyau. Da yamma Baba Ɗan Ali ya dawo daga mahauta a gajiye, ya sa kai ɗaki. Labule ya kama masa riga ta baya, ya kama hula, da ya juya ya kama gemu. Muka tarar da shi tsaye a ƙofa hannuwa sama, ba gaba ba baya.

Ya ce, "Tumba, wanga labule ne ko tarko?"

Ta ce, "Ka yi sallama?"

"Ɗakin matata ne fa."

"To labulen bai san da haka ba."

Daga ranar har ya rasu, Baba Ɗan Ali bai ƙara shiga ko rumbu ba sai da sallama.

Da ƙaya ta gama da rigunan gidan, Gwaggo ta koma ga ƙaro. Ta jiƙa shi, ta dama da ƙullun gero, ta manne saƙin, ta shanya a rana. Ya bushe ya sandare kamar kilishi, in iska ta kaɗa sai ya buga bango. Abin da ba ta lissafa ba shi ne akuyar da Baba ya ɗaure yana kiwo don yanka. Ranar da surukanta suka zo daga Morai, suka zauna tsakar gida suna jiran ta fito, sai ga shi suna kallonta daga gwiwa zuwa ƙasa tana ta kai da komo a ɗaki. Akuya ta cinye rabin labule, tana gefe tana tuƙa. Gwaggo ta fito ta ƙarƙashin abin da ya rage, ta gaishe su tsaf, gaisuwar gida da gona da damina, ba ta ko kalli ƙofar ba. Sai da suka tafi ta ce wa mijinta, "Ran da ka yanka ta, tumbin nawa ne. Labulena na ciki."

A ƙarshe ƙulli ya fishe ta. Ta sa aka binne gora cikin ginin saman ƙofa, ta riƙa ninke kowane saƙi a kanta tana ɗaurewa, ta bar gezar gefe tana ƙulla ta wannan da ta wancan har ƙasa. Ba ƙuda, ba ƙaya, akuya ma ta shinshina ta wuce. Har iyayen amare suka fara zuwa koyo.

Duk shekarun nan fa ba a daina ƙawance ba. Aure ya kai Kulu Maradun, amma in ta shigo cin kasuwar Talata sai ta biyo. A shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, Gwaggo ta fito, su yi ta gulmar mutane har la'asar. Ɗaki dai ba ta shiga. Wata rana ta zo da sababbin allurai ƙunshe a ganye, ta tsaya daga waje ta aika a kira Gwaggo.

"Ƙawa, zaɓi wadda kike so, ko ki riƙe duka."

Gwaggo ta duba daga nesa, hannuwanta a baya. "Tawa tana da 'yar karkata wajen kafa."

"Ai sai in lanƙwasa miki."

"Ki lanƙwasa ta zama ta innata?"

Ni ban ɗauki allo ba sai da na aurar da 'yata ta fari, lokacin da jaji, macen nan mai zagayawa tana karantar da mata, ta fara biyowa ta unguwarmu. Ranar da muka kai babin rantsuwa ban ko ci abinci ba na nufi gidan Gwaggo. Na ce, "Gwaggo, addini ya yi miki sauƙi. Ki ciyar da miskinai goma, kaffara ke nan, rantsuwarki ta warware."

Ta ce, "Hassi, mi ne ne? Kulu ta ɓatar, ni in dafa? Je ki gaya wa jajinku ta biyo ta Maradun."

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ko juya ta aka yi sai ta yi ƙara, balle a fito da ita. Aka aika Maradun. Kulu ta zo bisa jaki, ta tsufa ƙwarai, ta zauna kan tabarmarta a bakin ƙofa. Suna jin numfashin juna, labule a tsakani. Kulu ba ta ɗaga ba, don ba ta son ta karya wa mai mutuwa rantsuwa. Ni raina ya ɓaci, na shiga na ce, "Gwaggo, za ki tafi ba ki ga Kulu ba saboda guntun ƙarfe?"

Ta ce, "Mi na rantse?"

"Ba ta ɗaga labulenki."

"To kwance shi, sarkin karatu. Wa ya ce miki ɗinki ne?"

Na kama ƙulli na farko na ja, ya zare. Na biyu ma haka. Ashe duka zarge ta yi musu, ja ɗaya suke kwancewa. Ko tun yaushe ta ɗaure su haka, ban tambaya ba. Saƙin ya zube ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ƙofa ta zama wayam, ƙudaje suka riga kowa shiga. Kulu ta dafa sandarta ta tako, ta durƙusa bakin gado. Gwaggo ta ɗaga hannu da ƙyar ta shafa kallabinta.

"Babu allura jikinki ko?"

Kulu ta ce, "Babu, ƙawa."

"Na sani. Zauna."

Hannunta na cikin na Kulu ta cika. Likkafaninta a zauren maƙwabta aka ɗinka, don ba wanda ya yarda ya zama na farkon shigo da allura gidan.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Tumba, Ya yafe mata taurin kai, Ya yalwata makwancinta. Ranar da Kulu ta bi ta, Allah kada Ya sa labule tsakaninsu.