Rijiyar Inna da Lambobin Bayan Ɗigo

Tun da na koyi zanen gini a kwamfuta nake da hali guda: ba na jan layi sai na fara saita wa manhajar ma'auni, mita ko ƙafa, da yawan lambobin da za ta nuna bayan ɗigo. Abokan aikina a Daura har tsiya suke mini, wai na cika ƙaƙale. Su yi ta yi.

Da kakanmu ya rasu a Zango, aka zo rabon gidansa tsakanin mahaifiyata da Kawu, kashi biyu nasa, ɗaya nata. Inna ba ta damu da ɗakuna ba. Rijiyar tsakar gida take so, don da ita take shayar da awakinta, ga ta kuma dab da inda iyaka za ta faɗa.

Kawu ya riga ya auna gidan, ya kai awon ga wani shago an zana masa. Ina duba zanen na ga lambobi sumul, ko ɗigo babu, faɗin rabon Inna mita bakwai cif. Raina ya ɓaci. An bar manhajar tana haɗiye guntun awo, magini kuwa abin da ya gani shi zai kafa wa turke. A bakwai ɗin nan katangar iyaka kan bakin rijiya za ta hau, sai dai a cike ta.

Na ce, "Kawu, a sake awo. Kai za ka riƙe tef ɗin awon, kada a ce ɗa ya yi wa uwarsa son kai."

Ya ce, "Kai da kwamfutarka. Abin da ke bayan ɗigo ai ƙura ce."

Ya riƙe, ya karanto, na shigar. Na saita mita, lamba biyu bayan ɗigo, na raba uku a gabansa. Rabon Inna ya fito bakwai da kusan rabi. Da aka ja igiya a ƙasa, ta wuce bakin rijiyar da kamar tafin hannu. Kawu ya duba, ya ce, "Ashe ƙurar taka da nauyi." Bai ja magana ba, Allah ya saka masa.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, balle ta yabe ni. Ran nan ta ja ruwa, ta ajiye moɗa a gabana ba ta dube ni ba. Ina cikin sha na ji ta tana ce wa maƙwabciya, "Yaron nan ne ya tsayar mini da rijiyar."

Na zana gidaje da yawa bayan nan, amma wallahi babu wanda nake taƙama da shi kamar wannan katanga.