Ranar da Mai Duba Mu Ya Sha Darasina

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da aka zo duba koyarwata a wata sakandare da ke wajen Ƙarfi. A lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, kuma makin wannan rana shi ne zai raba gardama: ko in gama tare da 'yan ajinmu, ko in maimaita shekara.

Darasin da ya faɗo mini shi ne lissafin pH na bikabonet, wato garin sodar nan da mata ke sakawa a kek. Shi pH ma'auni ne: ƙasa da bakwai tsami, sama da bakwai ɓangaren kanwa. Shi kuwa bikabonet jemage ne, ba ya ga tsuntsu ba ya ga dabba. Yana iya ba da furoton, wato ƙwayar da ke kawo tsami, yana kuma iya karɓarta. Abin da na so ɗalibai su gani da idonsu shi ne, ko ka zuba kaɗan ko da yawa, pH ɗinsa kusan ɗaya ne.

Makarantar ba ta da kwalaben gwaji, don haka na lallaɓi Inna ta ara mini kofunan gilashinta na baƙi, har da tirensu mai furanni. Na jiƙa soda a kofi uku, wani kaɗan, wani da dama, na ƙarshen kuwa na cika masa hannu. Na kuma dafo zoɓo a 'yar kwalba, don shi ne zai canza launi in an ɗiga.

Mai dubawar ya iso a kan babur daga Funtua, rana ta gasa shi. Shugaban makarantarmu ne ya rako shi aji, wani Alhaji wanda ko gobara ake ba zai bar baƙo ya zauna ba a ba shi ruwa ba. Ina rubutu a allo, na ji yana yaba mini hankali, wai 'yar gidan mutunci ce ni, tunda har na tanadar wa baƙo ruwan sha. Kafin in juyo, ya riga ya miƙa wa baƙon kofi, kuma na ƙarshen ya zaɓa.

Bawan Allah ya yi bismilla ya kai kurɓa mai kyau. Idonsa ya fito, kumatunsa suka cika. Ya dubi taga, ya dubi ɗalibai da suka zuba masa ido, girma ya hana shi tofarwa, ya haɗiye. Can sai ga wata gyatsa mai ƙarfi, ajin ya tuntsure da dariya. Alhaji kuwa ya rikice, yana ta salati yana neman a kawo manja.

Mutumin ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Malama, me na sha? Yi mini lissafinsa yanzu, in san ko gida zan nufa ko asibiti."

Duk abin da na haddace ya gudu. Abin da ya rage mini shi ne dalilin: tunda abu ne mai fuska biyu, kowace fuska da lambarta a ma'aunin, shi kuma a tsakiyar lambobin biyu yake tsayawa. Na rubuta 6.3 da 10.3, na haɗa, na raba biyu, aka sami 8.3. Na ce ya ɗan haura bakwai ne kawai, kurɓa ɗaya ba za ta yi masa komai ba. Na ɗiga zoɓo a kofunan, har da ragowar nasa, duka ukun suka koma kore-kore iri ɗaya. Na ƙara da cewa ko mai kaɗan ɗin ya sha, lissafin bai canza ba.

Ya goge baki ya ce, "Lissafin ɗaya ne, Malama, amma ɗanɗanon ba ɗaya ba ne."

Da zai tafi ya shaida wa Alhaji cewa ya daɗe yana duba malamai, bai taɓa fahimtar darasi har cikin cikinsa ba sai yau. Na ci, kuma da maki mai kyau.

Yanzu ni ma ina da ɗalibai, kullum ina faɗa musu cewa hadda abokiyar zaman lafiya ce. Ranar da tsoro ya shigo, ita ke fara ficewa. Abin da ka gane dalilinsa shi kaɗai zai tsaya maka.