Tulin Dalmar Wilf Hallam

Wilf Hallam ba ya iya ganin ɗan dokin wasa na dalma yadda kamfani ya zubo shi ya ƙyale shi. Sai ya taɓa. Tun muna samari nake zuwa gidansa a Beeston, gefen Nottingham, in same shi a teburin kicin yana yi wa baraden dalma fiɗa, kowannensu bai wuce babban yatsa ba. Zai yanke kan wannan ya dasa wa wancan, ya cire mashin dalma mai lanƙwashewa ya sa waya, ya murza ƙullin gam ya yi wa doki lifidi. Sannan fenti: sulke, garkuwa, linzami, har farin goshin doki. Barde ɗaya yakan ci masa mako, ga shi da tsotsar bakin buroshi don ya yi tsini, shi ya sa kullum leɓensa da shuɗi ko ja.

Ranar Alhamis mukan haɗu da sauran 'yan kulob a zauren coci, mu shimfiɗa koren ƙyalle a tebur, mu jera runduna, mu sake yaƙe-yaƙen zamanin da, da tef ɗin awo da ƙwayar lido. Shi gyaran injin saƙa ya yi har ya yi ritaya, ni kuwa, Neville, bas na tuƙa. Baradensa sun fi na kowa kyau, sun kuma fi na kowa arcewa daga fagen fama, don Wilf ba shi da sa'ar jifa ko ta sisin kwabo.

Akwai maganar da duk ɗan wasan nan ya sani. Kowannenmu yana da tulin dalma, wato baraden da ya saya bai kai ga yi musu fenti ba, kuma ana cewa ranar da mutum ya fente na ƙarshe, kwanansa ya ƙare. Da dariya muke faɗa, amma ban taɓa ganin wanda ya bar nasa ya ƙare ba. Na Wilf ya cika lungun ƙarƙashin bene, har Doreen matarsa ta rasa wurin ajiye tsintsiya. Shekara da shekaru tana rantsuwar sai ta zuba su a bola.

Bara da bazara muka je kasuwar baje kolin kayan wasan, Wilf ya zaga ya fito hannu na dukan cinya. Na ce, "Tsoho, lafiya? Ko Doreen ta ƙwace jakar ne?" Ya ce, "Ina da isassu, direba." Gabana ya faɗi, don ba a taɓa jin ɗayanmu ya ce yana da isassu ba. Daga nan ya fara zuwa kulob da sababbin barade kowane mako, ba dashen kai, ba lifidi, fenti kawai cikin gaggawa. Da na je gidan, sai na ga tsintsiya a lungun bene.

Doreen ce ta ja ni bakin ƙofa ta gaya mini. Jijiyar zuciyarsa ce ta toshe, an sa ranar da za a yi masa aiki a asibiti, ya kuma hana ta faɗa. Ta ce, "Wai so yake ya gama su kaf, kar ya bar ni da tarkace. Masu fenti ku 'yan kulob ku raba, amma farar dalma marar fenti wa zai so?" Tana maganar tana murza gefen rigarta.

Ni ba mai camfi ba ne, amma na tsorata, tsoro irin na yaro. Abinci ya daina shiga. Ko kifi da soyayyen dankalin ranar Juma'a sai in tura gefe. Na shiga kanti na sayi baraden da hannuna ya fara taɓawa, na je gidansa, na faki idonsa yana haɗa shayi, na juye a akwatin ƙarshe da ya rage a tulinsa. Ya dawo ya leƙa, ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu kamar ya tsinci ƙuda a miya.

"Neville, mene ne wannan?"

"Naka ne mana. Ka manta da su ne."

"Nawa? Roba? Kuma dubi garkuwar, ta girmi rundunata da shekara ɗari huɗu! Kai ko ƙarya ba ka iya ba."

"To ka riƙe su, don Allah."

"Roba ba dalma ba ce, ba ta shiga lissafi." Ya yi dariya. Ya sassauta murya ya ce, "Kana zaton kai kaɗai ne? Hantata kaɗawa take, mutumina. In na ajiye buroshi sai in fara jin bugun zuciyar. Fentin ne kawai ke sa in manta."

Ana gobe zai tafi asibiti ya kira ni da hantsi. Da na je, ya kife akwatin a tebur, ya bubbuga gindinsa, ba abin da ya faɗo. Ga barde na ƙarshe a gefe, fentinsa ko bushewa bai yi ba. Na so in zage shi.

Washegari muka zauna ni da Doreen a bencin asibiti. Duk ƙofar da aka buɗe sai in ɗaga kai in duba. Da zaman ya yi tsawo na kasa daurewa, na ce, "Ya gama su, Doreen. Na gani da idona."

Ta buɗe jakar hannunta, ta zaro wani tsumman goge kwano, ta warware a cinyarta. Dawakai ne da mahayansu, farar dalma, ko ɗigon fenti babu. Ta ce, "Tun ranar da likita ya faɗa nake ɗauka ɗaya-ɗaya in ya shiga wanka. Nasa ne, ko ba nasa ba ne? Bai gama ba." Ta ƙanƙame su har masun suka yi mata shaida a tafin hannu, tana ta maimaita cewa bai gama ba.

Sai da la'asar wata nas ta fito ta ce an gama aikin, ya farfaɗo, mu shiga amma kar mu daɗe. Muka same shi fari fat, robobi ko'ina a jikinsa, leɓensa a bushe ba shuɗi ba ja. Ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi Doreen, ya dubi jakar da ta rungume a ƙirji. Ta sunkuya don ta ji abin da yake cewa.

"Ɓarauniya," in ji shi. "Kar ki kuskura ki dawo min da su."